Shanun Bappa a Shafina

Litinin, 7 ga Yuli
Solomon, wanda muka yi karatun zane tare a Kaduna, ya kira ni. Kamfanin zane mai motsi, wato katun, da yake wa aiki na neman mutum ɗaya. Ya ce ogansu ba ya kallon takarda, shafin mutum na intanet yake buɗewa ya ga me ya ɗora. "Nafisat, kin fi ni hannu, amma wa ya sani? Ki tallata kanki." Ni da ko an yaba girkina sai in ce ai gishiri ya yi yawa. Ƙarshen wata za su zaɓa.

Laraba, 9 ga Yuli
Na buɗe shafi. Wurin suna na rubuta Mai Zane kawai. A garin nan ba a son a san kana da wani abu, ko da ba ka da shi. Su Solomon ba za su gane ba.

Asabar, 12 ga Yuli
Abin da na fi alfahari da shi shi ne zanen shanun Bappa Yero, ƙanen Baba, suna gangarowa mashaya. Tun watan Sallah nake motsa su hoto bayan hoto, har yadda saniya ke kaɗa kunne in ƙuda ya dame ta. Na ɗora da la'asar, na kife wayar.

Lahadi, 13 ga Yuli
Mutane sun gani, kuma suna ta turawa. Solomon ya ce ranar Laraba zai nuna wa oga. Na yi ta murmushi ni kaɗai a kicin kamar wadda aka kawo wa lefe.

Talata, 15 ga Yuli
Innalillahi. Wani da ban sani ba ya rubuta a ƙasan bidiyon: "Ai waɗannan shanun Yero ne na Tabanni. Ashe nan ya koma da su."

Tsagar kunnen ce. Kowane gida da irin yankan da yake wa kunnen shanunsa, ni kuwa don son a ce na iya, na zana namu daidai, tsaga biyu a hagu. Na kuma zana dutsen da ke bakin mashayar yadda yake. Tun da ɓarayin daji suka kore masa rabin garke bara, Bappa ya janye sauran zuwa wurin nan ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ni ya yarda na bi shi don in yi zane. Ni na nuna wa duniya.

Na goge bidiyon. Amma waɗanda suka riga suka tura fa?

Laraba, 16 ga Yuli
Oga ya buɗe shafina ya tarar ba komai. Solomon ya ji kunya, na ji a muryarsa.

Da na gaya wa Baba, bai daka min tsawa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Wa kika tambaya?" Ya hau babur ya tafi Tabanni.

Juma'a, 18 ga Yuli
Bappa ya tashi da garken, cikin ruwan nan, da maruƙa ƙanana. Ban san inda suka nufa ba, kuma na san ba za a gaya min ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Litinin, 21 ga Yuli
Ban taɓa kwamfutata ba. Solomon ya ce in ɗora ko da wani abu ne. Me? Kyanwa tana tsalle, irin wadda kowa ke yi?

Alhamis, 24 ga Yuli
Bappa ya zo kasuwa, ya biyo ta gida. Ya rame, ƙafafunsa duk taɓo. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa ɗago kai. Ya sha ruwa, ya tambayi kowa da kowa, sannan ya ce in kunna masa abin da ya hana shi barci.

Ya kalla, ya ce in sake. Da saniyar ta kaɗa kunne sai ya yi dariya, ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Bappa, ka yafe min. Na daina."

Ya ce, "Kin yi wauta, ɗiyata, wannan kam. Masu rai ba a nuna su." Ya juya sandarsa. "Amma in zanen ne dole, ki zana waɗanda aka kora. Su ba wanda zai sake kore min su."

Ya zauna har azahar yana lissafa min su da kamanninsu. Ja mai karyayyen ƙaho wadda ba ta shan ruwa sai kowa ya gama. Farin bijimin da ke tsoron agwagwa. Yana faɗi ina zanawa, yana gyara min. Da ya zo kan wadda mahaifiyarsa ta bar masa sai ya ce rana ta yi, ya tashi.

Lahadi, 27 ga Yuli
Idona na zafi. Ba zan gama kafin ƙarshen wata ba, na sani. Ina yi dai.

Asabar, 2 ga Agusta
Sun ɗauki wani daga Zariya. Na yi kuka a banɗaki, na fito na ci gaba da ƙahon jar.

Lahadi, 10 ga Agusta
Na gama. Babu dutse, babu mashaya, fili ne kawai da shanu suna tafiya gida. Tsagar kunnen tana nan, Bappa ya ce in bar ta, wataƙila wani ya gan su a wata kasuwa.

Na nuna wa Baba kafin in ɗora. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Bijimin nan ya fi haka ƙiba." Bai ce kada in ɗora ba, sai na ɗora.

Solomon ya turo min sunayen wasu kamfanoni a Kano da Abuja. Na tura musu bidiyon dukansu, ban tsaya dogon tunani ba. Ba wai na canza ba ne, wurin rubuta suna a shafina ne ya yi fili da yawa, shi ya sa na cike shi: Nafisat Abarshi, Birnin Gwari. Ni na zana. Ina neman aiki.