Rasuwar Baba Kuku, Mahaddacin Sunayen da Hukuma Ta Ɓatar

Cikin alhini da ɗacin ran da ba mu da niyyar ɓoyewa, Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta wannan gari, a madadin Mai Girma Shugabanta, da Majalisar Dattawanta, da iyalan abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar babanmu kuma abokin fagen dagarmu, Kofur mai ritaya, dattijon arziki wanda babba da yaro suka sani da Baba Kuku, wanda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin Talata a ɗakinsa, yana da shekara tamanin da huɗu.

Marigayin ya yi shekara uku a bakin daga yana dafa wa rundunarmu abinci, tukunya a baya, bindiga a kafaɗa. Bai iya karatu ba, amma da yake ba ya zuba wa mutum abinci sai ya kira sunansa, shi ne ke fara sanin wanda bai dawo ba, domin kwanon mutumin ne ke saura a ƙasa. Mutum sittin da biyu daga garin nan ba su dawo ba. Su ne aka zana sunayensu a allon tagulla, aka kafa a jikin hasumiyar tunawa da ke shataletalen bakin kasuwa, kuma shekara talatin Baba Kuku na share gindinta ba tare da kowa ya sa shi ba.

Shekara shida da suka wuce, da aka tashi faɗaɗa titi, hukumar gari ta ciro allon da sunan za ta adana shi. An gama titi, allo ya yi ɓatan dabo, aka bar hasumiya da ramukan ƙusa huɗu da hotunan 'yan takara. Sau goma sha tara wannan dattijo ya hau benen hukumar yana dogara sanda: sakatare ya tura shi wajen injiniya, injiniya ya tura shi wajen mai sito, mai sito ya ce shi sabon zuwa ne. Da ya ga wankin hula zai kai shi dare, sai ya zaunar da 'yarsa tela ta rubuta sunayen daga bakinsa a bayan littafin awonta, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai musu, suka ce ba za su karɓa ba sai da takarda mai hatimi. Abin da ya ce wa sakataren kawai shi ne: "Ɗana, ni na ciyar da su, wasunsu ni na rufe su da hannuna, wane hatimi ne ya fi wannan?" Aka ce ya dawo mako mai zuwa. Wannan makon ne ya riske shi a kwance.

Jiya wannan hukuma ta aiko mana da wasiƙa tana kiransa gwarzo, tana neman a keɓe wa manyanta kujerun gaba, kuma a ba su damar ajiye furanni a gindin hasumiyar a gaban masu ɗaukar hoto. Da yardar iyalan mamacin, mun mayar musu da wasiƙarsu. Wanda ya hana tsoho kujera a ofishinsa ba shi da kujera a makokinsa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa Inna, da 'yarsa tela, da ɗansa direba, da dukkan jikokinsa. Allah Ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya jiƙansa, Ya haɗa shi da abokansa a gidan da ba a ce wa kowa ya dawo gobe.

Muna kuma sanar da jama'a cewa ranar Asabar da safe, wani masassaƙin dutse wanda mahaifinsa na cikin waɗannan sittin da biyun zai fara sassaƙa sunayen a jikin hasumiyar kanta, inda babu ƙusar da za a kwance. Ba mu nemi izini ba. In hukuma na da ja, ta zo ta same mu a wurin. Mu bakwai muka rage, ƙaraminmu shekararsa saba'in da tara, ba za mu yi wuyar kamawa ba.

Sa hannun:
Dogon Saje,
Sajan-Manjo mai ritaya,
Kakakin Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji.