Garemani Uku Da Aka Kawo Mini Sau Biyu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Raba Garmar Shanu na shiyyar Ƙaura, Shinkafi da Zurmi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a ne saboda takardu biyu da na aiko ofishinka sun shiga ba su fito ba.

Ni ɗan maƙeri ne daga Banga. A gindin zugazugin mahaifina na fara sanin ƙarfe, kafin in je jami'a in karanci yadda ake narka shi da gwada ƙarfinsa. Na yi shekaru a kamfanin mulmula ƙarfe a Kudu. Da aka ba mu sabuwar jiha aka ce 'ya'yanta su dawo gida, na tattaro iyalina na dawo da murnata. Kwamitinka ya ɗauke ni in riƙa duba kayan da 'yan kwangila ke kawowa. Ga abin da ya faru.

Na farko. Bara, gab da damina, mai kula da sito ya aiko mini da garemani uku in gwada. Na ce a bar ni in shiga siton in zaɓa da kaina, aka ce makulli na hannun wanda ya yi tafiya. Na gwada ukun nan, na same su ƙarfe na gaske, magagari ma da ƙyar yake kama bakinsu. Na sa hannu. Wannan kuskurena ne, ban ɓoye shi ba.

Na biyu. Ka san al'adar mutanenmu. Manomi ba ya ɗaura wa shanunsa sabuwar garma sai ya kai wa maƙeri ya ƙwanƙwasa ta ya ji ƙararta. Bara mutanen Banga da Ɗan Isa ba su kai ba, don an gaya musu ɗan maƙerinsu injiniya ya riga ya duba. Mahaifina da kansa ya mayar da mutum biyu daga ƙofar maƙerarsa, ya ce kunnensa bai kai na'urar ɗansa ba. Da ruwa ya sauka aka shiga huɗa, bakin garemanin da aka raba wa manoma ya riƙa lanƙwashewa kamar murfin gwangwani. Kafin a gyara, lokacin huɗa ya wuce wa da yawansu. Na yanko guntu daga wata na gwada, ƙarfen ganga ne aka shafa wa fenti. Har yau tsohon nan bai yi mini maganar ba, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na uku, kuma shi ya hana ni yin shiru. Makon jiya aka sake aiko mini da garemani uku, wai daga sabon kayan da za a raba a Shinkafi da Zurmi. Makullin sito kuwa ya sake yin tafiya. Abin da masu aikowar ba su sani ba, ina da wata ɗabi'a da na gada a maƙera: duk ƙarfen da ya bi ta hannuna sai na buga masa ɗigo uku a wani lungu. Na kife garemanin na kankare sabon fentin, sai ga ɗigona a jikin kowace. Su ne dai na bara, an yi musu wanka an dawo mini da su.

Ranka ya daɗe, ban ce da saninka aka yi ba, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wa ya adana garemanin nan shekara guda? Me ya sa washegarin da na tambaya aka fara raɗe-raɗin mayar da ni sashen fenti da gyaran kujeru? Mun tsaya gaban jama'a mun ce mun karɓi Shari'a, ana bin kasuwa ana duba mudun mai sayar da gero. Ashe mudun kwamiti ba ya cikin abin dubawa?

Roƙona kaɗan ne. A dakatar da rabon. A buɗe siton da rana, a kira maƙeran garuruwan nan uku su zaɓi wadda suka ga dama su ƙwanƙwasa, ni kuma in gwada a gabansu. A kuma daina gaya wa manoma cewa na duba, don ban duba ba. Garemanin ukun suna ɗakina, ba zan miƙa su ga kowa ba sai a gaban shaidu.

Allah ya yi maka jagora, ya raba ka da mashawartan da ke rufe maka ido. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na riga na aika wa mahaifina cewa bana duk wanda ya kawo masa garma ya karɓa ya ƙwanƙwasa, ko da sunana ne a jikin takardar.

Wassalam.

Injiniya Lawali Maƙera,
Ƙauran Namoda.