Hular Ɗan Uwar Ɗakina

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Ya su Auta? Ni lafiya lau, aiki da godiya.

Hular da kika saƙa wa ɗan uwar ɗakina ta iso. Inna, ita ce ke ce masa “ɗana”, amma kare ne, ya kai maraƙi girma. Ni ke masa wanka, ni ke kwashe kashinsa da shebur. In ya fizgi igiya, kafaɗata kwana take tana zogi. Ba komai, na saba. Kada dai Baba ya ji.

Gaisuwar da kike aiko masa kuwa, kada ki fasa. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, duk gidan shi kaɗai ya zo dubiya.

A sa ni a addu'a.

'Yarki