Ba Zan Janye Daga Binciken Allurar Ba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa.

Kawu ya isar mini da saƙonki, cewa in janye daga binciken da likitoci suke yi a kan sabuwar allurar ciwon nan namu na rashin daskarewar jini. Yaya, ki yi haƙuri, ba zan janye ba. Gaskiya ne, watan jiya gwaji ya nuna hantata ta taɓu. Likitar da take duba ni ta dakatar da allurar, ta ɗora ni a kan ƙwayoyi, yanzu komai ya daidaita. Ta ce irin wannan suke nema su gano, shi ya sa za su bi mu shekara da shekaru, don illar wani maganin ba ta fitowa da wuri. Kawu ya ce an mai da ni zakaran gwajin dafi. Na ce masa zakara ba a neman izininsa, ni kuwa da idona biyu na amince.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu cewa in daina, ina suke lokacin da gwiwata take kumbura har in kasa taka keken ɗinki? Ke ma kina nan ranar da aka cire wa Auta haƙori, muka wuni muna canza tsumma har rai ya yi halinsa. Tun da na fara allurar nan, sau tari allurar keke ta soke ni, jinin ya tsaya kamar na kowa.

Ga abin da ban gaya wa Kawu ba: 'yata tana da ciki, hoton asibiti ya nuna namiji ne, kuma likita ta ce yana iya gadona. In ya zo da ciwon, ina so ya tarar da maganin da aka riga aka san sharrinsa a jikin kakansa. Addu'arki nake buƙata, ba izini ba.

Ki gaishe mini da maigida, da Babban Yaya, da 'Yan Biyu. Inna tana sa miki albarka.

Naki har kullum,
Ƙaninki, Tela