A Asibitin Ido Nake Aiki, Amma Kowa Ya Makance a Kaina

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara kafin baƙin ciki ya kashe ni. Ni ce mai karɓar baƙi a wani asibitin ido, wato fuskata ake fara gani idan an shigo. Shi ya sa ba na wasa da kwalliya. Da sassafe nake fita, gari bai gama wayewa ba, a ɗakina kuma ƙwan fitila ɗaya ne, mai jan haske. A gabansa nake shafa fandeshan, in bi da hoda, in ja gira, in kalli madubi in ga kaina tubarkalla. Fandeshan ɗin a tafin hannu na gwada shi ranar da na saya, mai shagon ta rantse min kamar don ni aka yi shi.

Makon jiya aka kwance wa wata tsohuwa bandeji bayan aikin yanar ido. Aka fito da ita tana ta hamdala, sai idonta ya sauka a kaina. Wallahi Anti, baiwar Allah nan ta kama hannuna tana min sannu, wai wuta ce ta ƙona ni ko ciwon fata ne, fuska fari fat, wuya baƙi? Har addu'ar samun sauƙi ta yi min, a gaban layin marasa lafiya. Ma'aikata suka tuntsire da dariya, wata har da riƙe ciki. A ranar mai shara ta tsegunta min cewa tun zuwana sunana Sabon Fenti.

Abin da ya fi ci min rai aminiyata ce, ta ɗakin magani. Kwano ɗaya muke ci, sirrin gidanta babu wanda ban sani ba. Kullum sai ta ce na yi kyau, ashe da ita ake sakin labule ana dariya. Likitoci fa, masu gano ɗigon ciwo a cikin ƙwayar ido, amma an rasa mai ce min ke, duba wuyanki! Sai wadda ta shekara ba ta gani. Tun ranar ban koma ba, na ce ba ni da lafiya. Aminiyar tana ta kira, ban ɗauka ba. So nake in ajiye aikin, ko da yake da shi nake riƙe mahaifiyata. Da wace fuska zan koma teburin nan?

Taki, wadda aka mayar abin dariya.

AMSA

Ƙanwata, sannu. Abin da ciwo, kuma kina da gaskiyar yin fushi. Wanda ya ga kwalliyarki ta ɓaci ya yi shiru, sannan ya laƙaba miki suna, bai kyauta ba ko kaɗan. Amma aiki ba za ki ajiye ba. Ba a fasa tulu don an ga tsinke a ruwa, kuma Mama ba ta yi miki laifin komai ba.

Gyaran ma ba wuya. Tafin hannu ya fi fuska haske, shi ya yaudare ki. A gefen muƙamuƙi ake gwada fandeshan, a fita waje a duba da hasken rana, wanda ya ɓace cikin fata shi ne naki. Fitilar ɗakinki kuma maƙaryaciya ce: ki sa farin ƙwai, ko ki riƙe ƙaramin madubi a jaka ki sake dubawa bakin taga idan gari ya waye. Ki wanke fuska, ki shafa mai, ki bari ya shiga jiki tukuna. Ɗan kaɗan za ki ɗiga, ki daddanna da soso mai ɗan laima, ki gangaro har ƙasan haɓa da wuya don kada a ga iyaka. Idan gumi ya taso da rana, ki dafe shi da tishu, kar ki lafta hoda a kai, nan ne take daskarewa. Girar ma ki sassauta hannu, ki bi gashinki yadda Allah ya tsara shi.

Ita kuwa aminiyarki, ki ɗauki wayarta. Ta yi kuskure, amma ki tambayi kanki tsakani da Allah: da ta faɗa miki, da kin karɓa da daɗin rai? Da yawanmu kunya ke rufe mana baki har mu cuci wanda muke so. Ki gaya mata ɓacin ranki ido da ido. In ta ba da haƙuri, ki yafe. In ta hau kare kai, kin san matsayinta, sai gaisuwa.

Ki koma teburinki gobe, kanki a ɗage. Dariya ba ta kwana biyu idan mai ita ta riga kowa yi. Kuma ranar da tsohuwar nan ta dawo a duba mata ido, ki tashi ki tare ta da kanki, ki kama hannunta ki ce mata addu'arta ta ci, kin warke. A duk asibitin ita kaɗai ta yi miki aikin ido. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ƙara wa Mama lafiya.