Sandar Kaka da Tafiyar Hamma Bello

Alhamis da dare, Alkalawa

Yau na yi nasara! Gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas ta ba yayana Hamma Bello gurbin ƙaro karatun mulki, har da koyon aiki a sakatariyar Maiduguri. Baba ya hana, wai digiri ɗaya ya isa.

Na leƙa ɗakin Kaka na ce, "Matata, na sake ki. Kina zaune ɗanki ya hana Hamma tafiya, ashe ya fi ƙarfinki."

Ta ce, "Ni? Miƙo min sandata, ja'iri!"

Ni ta fara zuba wa, sannan ta nufi zaure wurin Baba. Kafin isha'i Baba ya sa wa tafiyar albarka.

Hamma yana ta cewa addu'arsa ce ta karɓu. Na yarda, amma bayana ne ya sha sandar.