Ni Zan Yi Wa Ɗana Wanka

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma shago, ɗanki Kumatu kuwa ya cika wata biyar, cinyoyin nan sai kin gani.

Yaya, Inna ta isar min da saƙonki, wai za ki zo ƙarshen wata ki tafi da Kumatu har in warke, kuma in daina zuwa wurin likitar ƙwaƙwalwa kafin a fara nuna ni da baki. Na san ƙauna ce ta sa, amma ko ɗaya ban yarda ba, kuma raina ya ɓaci.

Bari ki ji abin da ban taɓa gaya miki ba. Tun da na haihu, in na ɗauke shi sai in ga kamar zai suɓuce min ya faɗi. Sai in ajiye shi in shige banɗaki in sha kuka. Da Inna ta lura, sai ta karɓe wanka da goyo, ƙanwar maigida ta karɓe sauran. Kowa cewa yake in huta. Na huta har na zama baƙuwa a ɗakina, ana miƙo min ɗana lokacin nono kamar kayan aro.

Likitar nan ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce mata da yawa suna fama da haka bayan haihuwa, ba hauka ba ne, ba kuma ƙin ɗa ba ne. Ta ce duk ranar da aka karɓe min shi, tsoron ne ke ƙara ƙarfi. Sai ta ba ni aiki: makon farko in riƙe tawul, na biyu in zuba ruwa, na uku in sa sabulu, Inna na tsaye ba ta taɓa komai. Kin dai san Inna, hannunta ya haƙura amma bakinta bai huta ba.

Ranar Talata na yi masa wanka ni kaɗai, ƙofa a rufe. Tsoron ya taso, ban fasa ba. Ya tsula min fitsari a zani, na yi dariyar da na manta ina da ita. Ban gama warkewa ba, shi ya sa jibi ma zan koma wurin likitar, mai nuni ya yi ta nunawa.

Ki gaida maigidan, da Babba, da ’Yar Lele mai rowar murmushi. Ki zo ƙarshen watan, wallahi ina kewarki. Za ki same shi a bayana, kuma a nan za ki bar shi.

Taki har kullum,
Auta